Yadi 27 tsakanin kaburbura biyu: wane ne Alfred Shaw na Nottinghamshire?

Bazazzagi a Notts:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni, kuma na san ba fagen da muka saba ba ne, don haka masu jiran musun Arsenal da Barca su yi mini haƙuri yau.

Shekarata uku a Nottingham, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Akwai wani dattijo da nake zuwa wajensa safe da yamma a unguwar Gedling. Ya haura tamanin, matarsa ta rasu, ƙafa ta ƙi, amma baki garau. Ba shi da zance sai kurket. Ni kuwa iyakar abin da na sani game da filin Trent Bridge shi ne yana maƙwabtaka da filin Nottingham Forest, inda nake leƙawa kallon ƙwallo idan aljihu ya yarda.

Ranar Talatar da ta wuce ina durƙushe ina ɗaura masa takalmi, sai ya tambaye ni ko na san wanda ke kwance a harabar cocin da nake wucewa kullum idan na sauka daga bas, wato All Hallows. Na ce ina zan sani, Baba? Ya ce mutum biyu ne, Arthur Shrewsbury mai bugu da Alfred Shaw mai jifa, 'yan wasan gundumar Nottinghamshire na zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma abokan kasuwanci. Shrewsbury ya riga mutuwa a 1903. Da Shaw ya ji nasa ya matso, wai sai ya bar wasiyya a binne shi yadi 22 daga kabarin abokinsa, daidai tsawon fagen jifa, don ya riƙa jefa masa ƙwallo. Bayan an binne shi a 1907 wani mai bin ƙwaƙƙwafi ya auna, ya tarar yadi 27 ne. Aka kai ƙorafi, sai aka ba shi amsa cewa ai Shaw yakan ɗauko gudu na yadi biyar kafin ya saki ƙwallo. Tsohon ya yi dariya har sai da na miƙa masa ruwa.

Da yamma na shiga harabar, ba don ziyara ba, don son ganin ƙwaƙwaf. Na so in auna da taku, amma wasu kaburbura sun tare hanya, na yi ta kewaye har lissafi ya rikice mini, ga yayyafi, ga bas na shirin wucewa. Na haƙura.

Abin da ya tsaya mini a rai ba awon ba ne. Tsohon ya ce Shaw bai da ƙarfin jifa, a hankali yake sakin ƙwallo, amma shi ne ya fi kowa a zamaninsa, kuma shi ya jefa ƙwallon farko a tarihin wasan Test, wato manyan wasannin kurket na ƙasa da ƙasa. Ta yaya mai jifa a hankali zai gagari mutane? Na biyu, ya ce Shaw ya taɓa jagorantar yajin aiki, kuma ya faɗi hakan yana rage murya kamar mai tona asirin dangi. Yajin aiki a wasan da na ɗauka na masu fararen kaya da shan shayi ne? Ina so gobe in na je in ba shi mamaki da abin da na sani. Wanda ya san wani abu ya taimaka.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Haba Bazazzagi! Mun tura ka Ingila ka nemo fam, ka ɓige da awon kaburburan Turawa da taku? Wasan da ake kwana biyar ana yi kuma a tashi ba wanda ya ci, ni dai ban ga abin tambaya a ciki ba. Amma bari Malam Tsohon Hedimasta ya shigo, na san wannan tuwonsa ne da miyarsa.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, ɗana Bazazzagi. Kai kuma na Kwari, Allah ya shirye ka, kun fi son wasan da za a gama kafin shayi ya huce.

Na koyi kurket a makarantar kwana a shekarun 1970, a hannun wani malaminmu na lissafi ɗan Indiya. Ba mu da ciyawa, tabarmar igiyar kwakwa muke shimfiɗawa a kan ƙasa mai tauri mu kafe ta da ƙusoshi. Ni mai jifa ne, kuma ba mai ƙarfi ba, shi ya sa sunan Shaw ya zauna mini tun ina yaro. Malamin nan yakan shimfiɗa hankici a ƙasa, taku kaɗan gaban mai bugu, ya ce wanda ƙwallonsa bai sauka a kan hankicin ba sau shida a jere ba zai tafi cin abincin dare ba. Idan muka yi gunaguni sai ya ce Alfred Shaw da kwabo aka ajiye masa da ya same shi.

Bari in fara da yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ana kafa turaku uku a kowane ƙarshen fage, tsakaninsu yadi 22. Mai bugu yana tsaye gaban turakun da katakonsa yana kare su. Mai jifa yana so ya kayar da turakun, ko ya sa mai bugu ya ɗaga ƙwallo sama a cafe, in ɗaya ya faru an fitar da mai bugu ke nan, wani ya shigo, in an fitar da goma zubin bugun ƙungiyarsu ya ƙare. Shi kuma mai bugu yana so ya kora ƙwallon nesa ya yi gudu tsakanin turakun, kowane gudu maki ɗaya. Jifa yana tafiya ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli muna ce masa oba. Yau oba jifa shida ce, a zamanin Shaw huɗu ce.

Ƙwallon kurket yawanci yakan doki ƙasa kafin ya iso ga mai bugu, kuma duk sirrin yana wurin da ya sauka. In ya sauka kusa da ƙafarsa, zai tako gaba ya make shi. In ya sauka nesa, yana da lokacin ja da baya ya zaɓi inda zai aika shi. Amma akwai wani ɗan wuri a tsakani, bai fi faɗin darduma ba, wanda in ƙwallo ya sauka nan mai bugu bai san ko ya yi gaba ko ya yi baya ba. Nan Shaw yake ajiye ƙwallonsa, safe da yamma, shekara da shekaru. Ya ɗan murza shi da yatsu ya karkato ciki, wannan ya ɗan ɗaga shi sama, na gaba ya ɗan rage masa sauri, hannu kuwa iri ɗaya kake gani. Mai bugu ya tsare, ya tsare, maki ya ƙi zuwa, 'yan kallo su fara tsaki, zuciya ta ɗebe shi ya kai duka inda bai kamata ba. Shi ke nan, ya kama hanyar ɗaki. Kamar mai haƙon ɓera ne a bakin rami, ba gudu yake yi ba, jira yake.

Ga abin da zai nuna maka. A rayuwarsa ta manyan wasanni ya yi jifa sama da 100,000, makin da aka ci a kansa bai kai 25,000 ba. Wato yawan obar da ya jefa ya fi yawan makin da aka samu daga gare shi. Ya fitar da masu bugu sama da 2,000, kowane ɗaya a kan maki 12 da 'yan kai. A 1880 kaɗai ya fitar da 186, kowanne a kan maki ƙasa da 9. A 1874 a filin Lord's da ke Landan, yana yi wa kulob ɗin MCC, wato Marylebone Cricket Club mai filin, wasa da ƙungiyar Arewacin Ingila, shi kaɗai ya fitar da mutum goman duka a zubi ɗaya, a kan maki 73. Wanda na fi so shi ne na 1875, Nottinghamshire da MCC, a Lord's ɗin dai: ya jefa oba 41 da ɗoriya, 36 daga ciki ba a ci ko maki ɗaya ba, ya fitar da mutum 7 a kan maki 7. Cikin waɗanda ya kora ranar har da W. G. Grace, likitan nan mai gemu na Gloucestershire wanda duk Ingila ke tsoro. A tsawon shekarun da suka yi suna karawa, sau 49 Shaw yana fitar da Grace. Faɗa wa tsohonka wannan adadin, ka ga yadda zai gyara zama.

Asalinsa kuwa talaka ne liƙis. An haife shi ranar 29 ga Agusta 1842 a Burton Joyce, ƙauyen da ke bakin kogin Trent, gaba kaɗan da Gedling ɗin da kake zuwa. Shi ne auta cikin 'ya'ya 13. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara goma, ya bar makaranta ya shiga ƙwadagon gona. Da ya kai 18 aka kai shi koyon saƙar safa da injin hannu, sana'ar da ƙauyukan yankin suka dogara da ita a lokacin. Ana yawan cewa saƙar nan ce ta sa Nottinghamshire ta fi kowace gunduma fitar da 'yan kurket, domin masaƙi a gida yake aiki, shi ke da lokacinsa, zai iya fita fili da rana ya rama saƙarsa da dare. Yayansa Arthur ya riga shi zama ɗan wasan haya a kulob ɗin garin Grantham, shi kuma ya gaje shi a 1862. Ya fara yi wa gunduma wasa a 1864, shekarar da dokar wasan ta halatta ɗaga hannu sama da kafaɗa wajen jifa. Kafin nan ana ta rigima a kai, har an taɓa tsayar da wasa a filin Oval a 1862 saboda alƙali ya yi ta haramta jifan Edgar Willsher.

Maganar ƙwallon farko gaskiya ce. A ƙarshen 1876 James Lillywhite na Sussex ya kwashi 'yan wasa 12, dukansu masu wasa don abinci, suka yi fiye da wata guda a teku zuwa Ostireliya. Sun ratsa Niyu Zilan, inda aka tsare mai tsaron bayan turakunsu, Ted Pooley, saboda rigimar caca, don haka da suka koma Melbourne ba su da zaɓi, mutum 11 suka rage, su suka shiga. Ranar 15 ga Maris 1877 Shaw ya jefa wa Charles Bannerman na Ostireliya ƙwallon farko. Bannerman ya ci 165 kafin ƙwallo ya fasa masa yatsa ya fita. A zubi na biyu Shaw ya fitar da mutum 5 a kan maki 38, amma duk da haka Ostireliya ta yi nasara da tazarar maki 45. Su kansu ba su san tarihi suke kafawa ba, daga baya ne masu lissafi suka waiwaya suka ce wannan ne wasan Test na farko. Abin mamaki, da aka yi wasan cika shekara ɗari a filin nan a 1977, Ostireliya ta sake ci da maki 45 cif. Wannan na ji shi da kunnena a rediyo.

Labarin kabari kuwa, haka ake ba da shi a Nottingham tun da daɗewa, kuma ni ban taɓa son a ɓata shi da awo ba. Maganar yajin aiki zan bar wa Hajiya 'yar ƙungiya, in ta gani ba za ta iya shiru ba.

'Yar Ƙungiya:

Baba Hedimasta ka san ni sarai. Ina wuni, Allah ya ƙara lafiya. Malam Bazazzagi, ni kurket bai dame ni ba, ban san gaban katakon da bayansa ba. Na haɗu da Shaw ne ta wata hanya, lokacin da nake karatu a kan tarihin ƙwadago, kuma tun daga nan nake ganin girmansa.

Fararen kayan nan da shayin da kake gani, a ƙarƙashinsu akwai bambancin ɗan sarki da bara. A kurket na Ingila 'yan wasa kashi biyu ne. Akwai masu hali, 'ya'yan manya da suka yi manyan makarantu, waɗanda ake cewa don sha'awa suke wasa, ba sa karɓar albashi. Su ake kira Gentlemen. Sai masu wasa don su ci abinci, irin su Shaw, su ne Players. Ƙungiya ɗaya suke, amma ɗakin sauya kaya daban, a wasu filayen ƙofar shiga fili ma daban, masauki daban. Ko a takardar sakamako ana bambantawa: ɗan gata a sa haruffan sunansa a gaba, ɗan ƙwadago a kira shi da sunan mahaifi kawai kamar yaron gida. Jifa, da yake shi ne aikin gumi, yawanci an bar wa talakawa. Wannan tsari bai mutu ba sai bayan kakar 1962.

Abin haushin shi ne ba gaskiya ba ne cewa 'yan gatan ba sa karɓar kuɗi. Suna karɓa da sunan kuɗin hanya da ɗawainiya. Grace ɗin da Baba ya ambata, da zai je Ostireliya a 1873 fam 1,500 ya karɓa, shi da ba ya wasa don kuɗi, alhali 'yan ƙwadagon da suka bi shi ko fam 200 kowannensu bai samu ba. Shaw yana gani, kuma ya iya lissafi.

A 1880 'yan Ostireliya sun zo Ingila, jama'a na tururuwa kallonsu, suna kwasar rabonsu daga kuɗin ƙofa. Da aka shirya musu wasa da Nottinghamshire a ƙarshen kaka, Shaw da abokansa shida suka ce sai an ba kowannensu fam 20. Kwamiti ya biya, amma da ciwon rai, ya kuma ƙulla da su. A 1881 rigimar ta fashe a kan wani wasa da Shaw ya shirya da kansa da 'yan Yorkshire a Bradford. Sakataren kulob, Kyaftin Henry Holden, wanda kuma shi ne shugaban 'yan sandan gundumar, ya ce ba wanda ya isa ya fita da sunan Nottinghamshire ba da izinin kwamiti ba. Mutum bakwai suka janye: Shaw, Shrewsbury, Barnes, Morley, Selby, Scotton da Flowers. Kusan duk ƙarfin ƙungiyar ke nan.

Dubi abin da suka nema. A ɗauke su aiki na kaka guda cur da yarjejeniya, maimakon a kira mutum wasa-wasa, in ya ji rauni ko an ga dama a manta da shi. Sannan duk wanda ya yi wa gunduma shekara goma a tabbatar masa da wasan tallafi, wanda kuɗin ƙofarsa nasa ne. Kamar ajo ne a wajenmu, kuma shi ne kaɗai fanshon ɗan wasa a lokacin, amma sai kwamiti ya ga dama yake yi wa mutum. Yau ko ƙaramin ɗan ƙwallo ba zai sa riga ba sai ya ga takarda. A 1881 jaridu sun ɗauki wannan a matsayin rashin kunya, yaran gida sun ɗaga wa iyayen gidansu murya.

Ba su yi nasara ba, kada in yi maka ƙarya. Kwamiti ya ɗebo wasu, gundumar ta yi kaka maras daɗi, Lancashire ta zama zakara. Biyar daga cikin bakwai ɗin suka ba da haƙuri suka koma kafin kaka ta ƙare. Shaw da Shrewsbury, da aka ɗauka su ne kanwa uwar gami, sai a 1882 suka dawo. Amma ga inda nake so ka lura: shekara biyu bayan yajin, kwamitin nan dai ya miƙa wa Shaw kyaftin, domin ba su da wanda ya kai shi sanin wasa. Daga 1883 zuwa 1886 yana jan ragama, kuma shekaru huɗun nan a jere ana lissafa Nottinghamshire a matsayin zakarar gundumomi. Da suka ga shekaru sun ja, ƙiba ta zo, sai suka ajiye shi suka ba Mordecai Sherwin. Ba sabon abu ba ne, an sha ruwan rake an yar da ɓawo.

Tsohonka ya rage murya ne don a zamanin da ya tashi har yanzu ana ganin abin kamar tabo ne. Ka ce masa wata 'yar Kaduna ta ce ba tabo ba ne.

Mai Bin Diddigi:

Baba Hedimasta da Hajiya, a gafarce ni, zan ɗan zuba ruwan sanyi.

Alƙaluman Shaw gaskiya ne, amma sai a duba filin da aka same su. Filayen lokacin ba su da kyau. Lord's ta yi ƙaurin suna wajen gargada, ƙwallo ɗaya ya bi ƙasa kamar maciji, na gaba ya tashi zuwa fuska. A 1870 George Summers, ɗan Nottinghamshire ɗin nan, ƙwallo ya same shi a kai a Lord's, bayan kwana huɗu ya mutu. Wanda ya shigo bayansa, Richard Daft, sai da ya naɗe kansa da tawul. A Mayun 1878 'yan Ostireliya sun fitar da MCC duka a kan maki 33, sannan 19, su kansu 41 suka samu a zubin farko, aka gama wasan a yini ɗaya, kuma Shaw da Grace duk suna cikin MCC ranar. A irin wannan fili ko wanda bai kai Shaw ba zai yi kyau a takarda. Sannan oba mai jifa huɗu ta fi mai shida sauƙin wucewa ba maki, kuma masu bugun zamanin da yawa suna ganin rashin ladabi ne a ja ƙwallon da ya sauka a gefe ɗaya zuwa ɗaya gefen. Wasanninsa na ƙasa da ƙasa bakwai ne kacal, mutum 12 ya fitar. Da ya jagoranci Ingila a Ostireliya a 1881 zuwa 1882, wasa huɗu aka yi, an ci su biyu, biyu aka tashi ba wanda ya ci.

Hajiya kuma, kada mu mayar da shi shugaban ƙungiyar ƙwadago. Ɗan kasuwa ne. Ya riƙe gidan saukar baƙi da mashaya, ya buɗe kamfanin kayan wasanni tare da Shrewsbury, kuma shi da Shrewsbury da Lillywhite sun yi ta kwasar 'yan wasa zuwa Ostireliya don riba, inda su ne iyayen gida masu biyan wasu. Wasan Bradford da ya jawo rigimar ma ai aljihunsa zai shiga. Sun ci riba a wasu tafiye-tafiyen, sannan a 1887 zuwa 1888 suka yi taurin kai suka kai 'yan wasa alhali wata ƙungiyar Ingila ma tana can, duka biyun suka tafka asara. Ko tafiyar 'yan rugbi na Birtaniya ta farko zuwa Ostireliya da Niyu Zilan a 1888, Shaw da Shrewsbury ne suka shirya ta, ba don son rugbi ba. Kuma mutumin da ya yi wa masu sarauta yaji, a ƙarshe wajen wani basarake, Lord Sheffield, ya samu aiki, yana horar da yaran Sussex, har ya yi wa gundumar wasa a 1894 da 1895 yana da shekara hamsin da ɗoriya.

Tsohon Hedimasta:

Mai Bin Diddigi, ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Amma filin da Shaw ya yi jifa a kai, shi sauran masu jifan zamaninsa suka yi a kai, obarsu ma huɗu-huɗu ce, kuma ba su bar abin da ya bari ba. Grace kuma a kan gargadar nan ya ci 344 da 177 da 318 cikin kwana takwas a 1876, don haka ba kowa fili ke kayarwa ba. Ka kuma riƙe maganar Sussex da ka kawo: mutumin da aka ajiye don ya tsufa, bayan shekara bakwai wata gunduma ta sa shi a fili, yara sa'o'in 'ya'yansa suka kasa taɓa shi. Mai jifa da ƙarfi gwiwarsa ke fara mutuwa. Shi abin da yake da shi a yatsu da ido yake, shi ya sa ya daɗe. Bayan ya daina ma bai bar fili ba, ya koma alƙalin wasa har zuwa 1905, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ana kuma danganta masa shawarar a riƙa zana layin fage da farar ƙasa maimakon a tsaga ciyawa da wuƙa.

'Yar Ƙungiya:

Malam Mai Bin Diddigi, to don ya nemi na kansa sai me? Wanda ya fara ƙwadagon gona yana ɗan shekara goma, kana so ya jira kwamiti ya tuna da shi? Ya ga yadda waɗanda suka riga shi suka ƙare, wasu a gidan gajiyayyu. Ni ban ce waliyyi ne ba. Na ce ya san kuɗin ƙofa saboda shi ake biya, ya kuma buɗe baki ya faɗa.

Bazazzagi a Notts:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Na Kwari, fam ɗin na nan tafe, ka ƙara haƙuri.

Yau da safe bayan na ba tsohon maganinsa na haɗa masa shayi, sai na ce masa, kamar da wasa, sau 49 ko? Ya ajiye kofi ya dube ni ta saman tabarau. Na ƙara masa da mutum bakwai a kan maki bakwai a 1875, na jero masa sunayen 'yan yajin, na mance Scotton, shi ya cike mini. Saƙon Hajiya ma na isar. Ya yi shiru, sannan ya ce mahaifinsa ya yi aiki a ramin kwal na Gedling, kuma da yana raye da ya yarda da ita. Ban taɓa jin ya ambaci mahaifinsa ba sai yau.

Na tambaye shi yadda Shrewsbury ya mutu, tunda ba wanda ya faɗa a nan. Ya ce ya sa wa ransa cewa yana da ciwon da ba ya warkewa, ya harbe kansa a gidan 'yar'uwarsa, nan Gedling, yana da shekara 47. Ya ce Shaw bai ƙara shekara huɗu cikakku a bayansa ba. Daga nan bai sake cewa komai a kai ba, ni ma ban ja zancen ba.

Da na ba shi labarin hankicin malaminku, Baba, sai ya sa na ɗauko nasa daga aljihun kwat, na shimfiɗa a ƙarshen zauren gidan, ya ce in nemo ƙwallon tanis da jikarsa ta bari a bayan kujera. Zauren bai fi yadi shida ba. Na jefa goma, biyu suka sauka a kan hankicin, ɗaya ya kusa kayar da hoton aurensa. Ya ce da a makarantarku nake da yunwa zan kwana.

Yanzu ya dage sai na tura shi a kekensa zuwa Trent Bridge idan an buɗe kaka a watan Afrilu, kuma 'yarsa ta amince in dai ba a ruwa. Baba Hedimasta, wasan gunduma kwana huɗu ake yi, mu kuwa yini ɗaya za mu iya. Wace rana ce ta fi dacewa da mai son ya kalli masu jifa, ta farko ko ta ƙarshe?